Harshen Da Aka Bar Wa Awaki

Tun da aka sauko daga la'asar Goggo Hauwa take tsintar shinkafa a faifai, amma rabin hankalinta na kan 'yar ƙanenta. Amatullahi na zaune a tabarma gindin dogon yaro, ta toshe kunnuwanta da abin saurare, ta duƙufa kan wani littafi mai baƙin bango tana zana wasu haruffa da ba boko ba, ba ajami ba. Can sai ta ɗaga kai, ta murɗa baki, ta fitar da wani sauti ta hanci, ta girgiza kai, ta sake.

"La'ilaha illallahu!" Goggo ta dire faifan. "Ke Amatu! Karatu na ko aljanu?"

"Furojet nika yi, Goggo."

"Furojet! Shekara huɗu ana kai ki Kalgo ana maido ki. Ɗiyan mutane na hitowa likitoci da lauyoyi, ke an ce wai magana kika koyo. Magana hwa! Abin da ɗan yaye ka yi kyauta!"

Wannan waƙa ba yau Goggo ta fara rera ta ba. Tun ranar da Malam Haliru, mahaifin Amatu, ya amince ta karanci kimiyyar harshe a jami'ar da ke Kalgo, yayarsa ba ta bar shi ya huta ba. A wajen Goggo, gida irin nasu na malamai a Gwandu ba shi da abin da zai koya a harshen kowa. Ita kanta Fulatancin kakanninta bai wuce gaisuwa uku a bakinta ba, amma in tana lissafa asali sai ka rantse ita ta rubuta tarihin garin.

Abu ɗaya ne ya ɗan sa ta sassauta, wato Sirajuddeen ɗan Alhaji Ɗalha mai injin casar shinkafa a Kalgo. Yaro natsattse, ya karanci aikin gona a jami'ar, a can suka haɗu da Amatu. An kai gaisuwa, an karɓa, an ce da ta miƙa furojet ɗin, wato aikinta na ƙarshe a jami'a, za a sa rana.

Shi wannan aikin kuwa ga yadda ta samo shi. Wata Asabar Rahmatu, ƙanwar Sirajo kuma ƙawarta, ta raka ta Diggi gaida kakarsu, Kaka Kubura, tsohuwar da ta ƙi barin tsohon gidan mijinta da awakinta. Da ganin Amatu ta tafa hannu. "Ga kishiyata ta zo ƙwace min miji! Zo nan in diba ki, in gani ko kin hi ni kyau!" Aka yi dariya, aka sha fura. Da azahar Amatu ta zagaya bayan ɗaki yin alwala, sai ta ji tsohuwar tana ba awaki dusa tana yi musu hira da wani harshe.

Kunnen Amatu ya sha horo. A ajinsu akwai masu jin Fulatanci, da Zabarmanci, da Dakarci, da Yarabanci, har da Kambarci, amma wannan bai yi kama da ko ɗaya ba. Ta tsaya da buta a hannu har tsohuwar ta waigo.

"Kin ji ni ko?" Kaka ta ce, murya ƙasa ƙasa. "Kyanganci na, harshen uwata, daga can shiyar iyaka. Ɗalha ba ya so. Yana shekara tara yad dawo daga makarantar allo yana kuka, yara na kiranai ɗan mai gwaranci. Yac ce, Inna, in kina ƙaunata kar ki ƙara. Ban ƙara ba. Shekara hamsin ke nan, sai su." Ta nuna awakin.

Amatu ta ajiye butar. Ta roƙi tsohuwar ta bar ta ta ɗauki muryarta, ta yi mata bayani har sau uku, ta ce ba za a sa sunanta ko na garinsu a takarda ba. Da ƙyar Kaka ta yarda, amma da sharaɗi.

"Daga ke sai malamarki. In Ɗalha yaj ji, kin shiga tsakanina da ɗana. Amana ta."

"Na ɗauka, Kaka."

Wata uku tana hawa mota duk Asabar. Sai ta nuna ruwa, Kaka ta faɗi sunansa, ta nuna wuta, ta nuna hannu, ta nuna akuya. Daga kalmomi aka koma ƙirga, aka koma gaisuwa, aka koma labarai. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin da murfi a baki sai ga ta tana zuba har ta manta goronta.

Muryar ce a kunnen Amatu wannan yammacin da Goggo take caccakar ta. Da ta yi shiru kamar kullum, da ba a samu labarin nan ba. Amma Goggo ta ƙara da cewa, "Ko kuɗin mota da ubanki ka biya ya hi abin da kika kawowa daraja." Zuciya ta ɗebi yarinyar. Ta fizge abin sauraren, ta ƙure muryar wayar.

"To saurari wanga, Goggo! Harshe na da yak kusa ɓacewa, ba kowa ka jin shi ba yanzu. Ni nis samo shi, ni nika rubuta shi! Wanga shi na aikin banza?"

Muryar tsohuwa ta cika tsakar gida tana rera waƙar lallashin jariri. Goggo ta karkata kai.

"Wace ta wagga?"

"Kakar Sirajo ta mana!"

Kalmar na fita ta so ta kamo ta, amma magana zarar bunu ce. Goggo ta ɗauki faifanta a hankali, ta ce, "Ashe? To madalla. Mu kau anka ce muna Kabawa na gaba da baya."

"Goggo, don Allah, don Annabi! Sirri na!"

"Ni mi nic ce?"

Ba ta ce komai ba a ranar. Ranar Laraba aka yi suna a Kambaza, ta je. Kafin Juma'a maganar ta shiga kasuwar Kalgo, kuma ba yadda ta fita ta shiga ba. Aka ce 'yar malaman Gwandu ta je da na'ura ta tono asalin Alhaji Ɗalha. Wani abokin hamayyarsa a harkar shinkafa ya tare shi a gaban jama'a, ya ce, "Alhaji, ashe kai ma kana da yare? Ɗan gaishe mu da shi mana!" Aka kwashe da dariya. Dattijo mai furfura ya tsaya a bakin injinsa kamar yaron nan ɗan shekara tara.

Ranar Litinin Sirajo ya same ta a bayan ɗakin lakca. Bai yi mata murmushin da ya saba ba.

"Amatu, mi kinka yi muna?"

Ta fashe da kuka. "Kuskure na, Siraj. Wallahi ban yi niyya ba."

"Na sani. Amma Alhaji kwana ukku bai ci abincin kirki ba. Ya je Diggi ya kwaso Kaka ya maido Kalgo. Awakin ma ya sai da su."

"Awakin?" Ta dafe ƙirji. "Duka?"

"Duka. Kuma ya ce in gaya miki, ki goge abin da kinka ɗauka gaban idona, ki ƙone littahin, a ci gaba da maganar aure. In kin ƙi, a dakata." Ya sassauta murya. "Filis, Amatu. Danna abu guda na kawai. Ki sake wani tofik, ni zan taya ki."

Ta dubi wayar a tafin hannunta. Tana son Sirajo so na gaskiya, irin wanda ba ta taɓa faɗa wa ko Rahmatu zurfinsa ba. Amma a cikin ɗan katin da ke wayar akwai awa talatin da ɗaya na muryar da babu kwafinta a ko'ina a duniya.

"Ba ni iyawa," ta ce. "Ba nawa ba na, ba na Alhaji ba na. Na Kaka na. Na ci amanarta sau guda, ba ni ƙarawa da kashe mata murya ba da saninta ba."

"Ko da za mu rasa juna?"

Ta mayar da wayar cikin jakarta tana hawaye. Ya juya ya tafi yana share ido da hannun riga.

A gida kuwa Goggo ta sa Malam Haliru a gaba, wai a mayar wa gidan Alhaji da kayansu tun da sauran mutunci. Malam ya bar ta ta gama, sannan ya sa aka kira Amatu. Ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin karatunsa.

"Tambaya guda zan miki," ya ce. "Tsohuwag ga ta ba ki amana?"

"Ta ba ni, Baba."

"To ba asalinsu ad da aibi ba, ke ad da shi. Ni na binciki addinin yaro da halinai, na gamsu. Bambancin harsuna cikin ayoyin Ubangiji yake, wanda yar rena shi ya san da wa yaka yi." Ya dubi yayarsa, ta kau da kai. "Amma ba ni zuwa roƙon Alhaji, don mu munka yi mai laihi. Ke kinka ɓata, ke za ki gyara. Ilimin da bai koya miki riƙe baki ba, da saura."

Washegari da hantsi Rahmatu ta shigar da ita gidan Alhaji ta ƙofar mata, lokacin yana wajen inji. Kaka Kubura na zaune a wani ɗaki mai tayil da fanka, ta takure a gefen katifa. Babu batun kishiya yau. Amatu ta zube a gabanta ta faɗi komai, ba ta ɗora wa Goggo ko ƙwaya ba.

Tsohuwar ta saurare ta har ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi.

"Shekara hamsin ina gaya ma awaki," ta ce, "ko guda ba ta kai ni kasuwa ba."

Amatu ta kifa kai a ƙasa tana kuka mai cin rai. Da ta samu numfashi ta zare katin daga wayar, ɗan abu bai kai farce ba, ta haɗa da littafin mai baƙin bango ta ajiye a gaban tsohuwar.

"Ga muryarki, Kaka. Ban rage komi ba. In kin so ki ƙone, in kin so ki aje."

Kaka ta juya katin a tafin hannu tana mamaki. "Dut maganata na cikin wanga?" Ta buɗe gwangwanin goronta ta jefa shi ciki, ta tura littafin ƙarƙashin katifa. "Tahi, ɗiyata. Na yahe miki. Amma yahewa daban, warkewa daban."

Da Alhaji ya ji ba a goge ba, sai ya aika Gwandu cewa a dakata da magana har sai abin da Allah ya yi. Ita kuma Amatu ta je ofishin malamar da ke duba aikinta ta ce ta janye.

"Kin san me kike faɗa?" malamar ta cire tabarau. "Wannan aikin ya fi na kowa a ajinku. In kin sauya yanzu, sai kin ƙara shekara."

"Na sani, Malama. Ke kinka koya muna cewa yardar mai magana ita ta gaba da komi. Na karya sharaɗin da anka ba ni."

Malamar ta ɗauko takardar janyewa ta sa hannu.

Haka 'yan ajinsu suka sa rigar kammalawa suka yi hotuna, ita tana hostal tana fara sabon aiki a kan gaishe-gaishen kasuwa. Wasu suka ce ta faɗi jarrabawa ne, wasu suka ce an fasa aurenta don an gano wani abu. Goggo ta kawo manema har uku, kowanne da tarihin kakanninsa a baki. Amatu takan gaishe su da ladabi, ta ce karatu take yi. Sirajo bai saɓa wa mahaifinsa ba, bai zo ba, bai kira ba. Da Sallah ƙarama dai Rahmatu ta kawo mata ƙullin dabino, ta ce, "Yaya ya ce in gaya miki shina nan inda kinka bar shi." Wannan ƙullin ta yi wata biyu tana cin ɗaya ɗaya.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, littafin ta bayar amma kanta bai bayar ba. In tana wanke-wanke sai ta kira ruwa da sunan da Kaka ta koya mata, in tana hura wuta haka, in ta ga akuya a hanya sai ta gaishe ta a zuci. Ba don wani amfani take yi ba. Tana jin tsoro ne kada ita ma ta zama cikin waɗanda suka bar tsohuwar ita kaɗai.

Shekara ta zagayo, damina ta yi tsakiya. Wata safiya ana yayyafi mota ta tsaya a ƙofar gidan Malam Haliru. Alhaji Ɗalha ne da kansa, babu ɗan rakiya, hularsa a karkace. Bayan gaisuwa ya kasa ɗaga ido.

"Malam, Inna ta. Yau kwana tara ɓarin jikinta ya shanye. Ta hwarhwaɗo, amma Hausa ta ɓace mata ƙaf. Likita ya ce akan yi haka, mutum shi koma ga harshen da yat tashi da shi. Tana ta magana, tana kuka, ba ta cin abinci, ba wanda ka jin ta. Na aika garinsu, tsararrakinta sun ƙare, tsoho guda anka samu shi ma ba ya tashi." Muryarsa ta karye. "Uwata na magana cikin gidana, Malam, ni ban san mi taka cewa ba."

Malam Haliru ya ce, "Allah shi ba ta lahiya. Ba ni za ka roƙa ba, Alhaji. Amma na san ɗiyata, ba sai ka roƙa ba."

Kafin a gama faɗa wa Amatu ta riga ta sa hijabi. Goggo Hauwa ta ce ita za ta raka ta, wai yarinya ba ta shiga gidan surukai ita kaɗai.

Ɗakin cike yake da mata da jikoki, Sirajo na tsaye a bakin ƙofa. Idonsu ya haɗu sau ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Kaka Kubura ta rame ta koma kamar yarinya, bakinta ya karkace, tana ta maimaita wasu kalmomi cikin gajiya. Amatu ta durƙusa daidai kunnenta, ta yi mata gaisuwar safiya da Kyanganci.

Tsohuwar ta tsaya cak. Idanunta suka zagayo a hankali har suka sauka kan fuskar yarinyar. Sai ta amsa gaisuwar, hawaye na gangarowa cikin kunnenta.

"Allahu Akbar!" wata daga cikin matan ta ce.

Amatu ta saurara, ta sake tambaya, ta saurara. "Ta ce ba ƙin abinci taka yi ba. Kunun da zahi, kuma ta gehen da ba ta ji aka ba ta. A huce shi, a ba ta ta dama." Aka ruga aka kawo. Ta sha cokali bakwai, ana ƙirgawa kamar ana ƙirga zinariya. "Ta ce a juya ta, bayanta na ciwo. Ta ce... ta ce ina awakinta." Alhaji ya runtse ido.

Daga nan tsohuwar ta kama hannun Amatu da hannunta mai lafiya, ta shiga wata doguwar magana, tana kallon ƙofa inda Alhaji da Sirajo suke. Harshen ya yi nauyi, kalmomin na haɗewa. Kowa ya zuba wa Amatu ido.

Goggo Hauwa, wadda tun shigowarsu jikinta ya yi sanyi, ta matso ta raɗa mata, "Ce musu ta ce a ɗaura aurenku. Wa za shi ƙaryata ki? Ki bar ni in gyara abin da nib ɓata."

Gaskiya ne, babu mai ƙaryata ta. Duk abin da ta faɗa a ɗakin nan wasiyya ce, kuma Alhaji a yadda yake ko gidan aka ce ya bayar zai bayar. Shekara guda ta kuka da jiran tsammani, ga ƙofa a buɗe. Amatu ta dubi Sirajo, ta dubi bakin tsohuwar da ke ta fama.

"A'a, Goggo," ta ce a hankali. Sannan ta juya ga Alhaji. "Baba, ba ni yi mata ƙarya. Wata ukku kawai niy yi ina koyo, ban ji duka ba. Na ji ɗana, na ji yahewa, na ji sau guda. Amma akwai wata kalma da taka ta maimaitawa, ta hi goma. Ba ta cikin abin da tak koya min. Ban san ta ba."

Ta faɗi kalmar yadda ta ji ta, gaɓa biyu.

Alhaji Ɗalha ya dafa bango. Ya sulale ya zauna a ƙasa a gaban matansa da 'ya'yansa.

"Sunana na," ya ce. "Sunan da taka kirana da shi ina ƙarami. Shi kaɗai nika ganewa cikin maganarta. Kwana tara tana kirana, ina ji, ina yin kamar ban ji ba, don kar a ji ni na amsa." Ya rushe da kuka irin na manya, wanda ba daɗin ji. "Wayyo ni Ɗalha! Kunyar wa nika ji?"

Babu wanda bai yi hawaye ba a ɗakin. Ya ja gwiwa har bakin katifar, sannan ya juyo ga yarinyar da ya kora shekara guda.

"Ɗiyata, ƙaƙa aka amsawa? In uwa ta yi kira, mi ɗa ka cewa? Na mance."

Wannan kam Amatu ta sani, yana cikin darasin makon farko. Ta faɗa masa. Ya gwada, bai daidaita ba. Ta sake faɗa a hankali, ta nuna masa yadda sautin ke bi ta hanci. Ya sake. Sai tsohuwar ta kira sunan nan kuma, da 'yar muryar da ta rage mata.

Ya amsa.

Kaka Kubura ta saki hannun Amatu ta ɗora a kan furfurar ɗanta. Gefen bakinta mai lafiya ya yi murmushi. Ta sake kira, ya sake amsawa, ta sake, ya sake, kamar mai biyan sallolin da suka kuɓuce masa.

Sunan nan ban rubuta shi ba, kuma ba zan rubuta ba. Na uwa da ɗanta ne.

Kaka ta ƙara kwana ashirin da shida a duniya. Kullum da safe Amatu na zuwa tare da Rahmatu, Alhaji na zaune a gefe da ɗan littafi yana rubuta kalma biyu uku da ajami. Ya aika Diggi aka nemo akuya ɗaya daga cikin waɗanda ya sayar, aka ɗaure ta a bakin taga. Ana saura kwana biyu ta rasu, Kaka ta sa aka miƙo gwangwanin goro da littafin ƙarƙashin katifa, ta damƙa su a hannun ɗanta, sannan ta ɗora hannunsa a kan na Amatu. Wannan bai buƙaci tafinta ba.

Bayan sadakar arba'in Alhaji ya zo Gwandu da manyan abokansa. A gaban Malam Haliru ya ce, "Na zo neman gahwara, na zo neman ɗiya. Yarinyar da tas samu damar yin ƙarya don kanta tak ƙi, ita nika so ta riƙa min gida." Ya ciro katin daga aljihu ya ajiye. "Wanga kuma ta ci gaba da aikinta. Ta sa sunan Inna cikakke, da sunan garinsu, ta sa nawa ƙarƙashi."

Goggo Hauwa ce ta fara rangaɗa guɗa daga cikin gida, tana yi tana share hawaye. Ranar kai amarya ta ja Amatu gefe, ta ce cikin jin nauyi, "Wanga karatu naki, ana koyon Hillanci cikinai? Kin ga ni gaisuwa ukku gare ni." Amatu ta rungume ta tana dariya da kuka a haɗe.

To, 'yan'uwana matasa, ku dubi Amatullahi. Fushin minti ɗaya ya ci mata shekara, don amana ba ta da ƙarami. Amma da ta faɗi ba ta rufe kuskure da ƙarya ba, ta yi haƙuri, kuma mahaƙurci mawadaci. Ku kuma dubi Alhaji Ɗalha, wanda dariyar yara ta raba shi da muryar uwarsa shekara hamsin. Wanda ya ji kunyar harshen da aka lallashe shi da shi, wata rana zai nemi mai fassara masa uwarsa, kuma ba kowa ne Allah ke ba kwana ashirin da shida ba.

Yau in ka bi ta wajen injin Alhaji da sassafe, kafin a tada shi, za ka tarar da dattijon zaune a benci da abin saurare a kunne. Masu kawo shinkafa sun saba, ba sa katse shi. Wani lokaci sukan ji ya amsa kira, alhali ba wanda ya kira shi.